Ka Koyi Zarge Kafin Ka Hau Dutsen Adar

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonshi.

Wagga takarda ta fito daga bakin Nomau na Turba, za ta hannun ɗanshi Arzika, wanda ke zangon fatake a Sabon Birni shina jiran ayarin Adar. Sunanka Malam Buhari yas sa shi da alƙalaminshi, ni ban faɗa ba. Ka san kai ne na fari, bakina bai saba da shi ba. Ina gaishe ka. Ina gaida matarka. Ina gaida amaryata, 'yar ɗiyarka mai sunan uwarka, da fatan ba ta kukan baƙunta. Allah shi sa takardar ga ta iske ku lafiya, ta iske ku ba ku tashi ba.

Yau kwana huɗu da fitarka. Abin da nac ce maka bakin zaure ina tune da shi, ba sai wani ya tuna mini ba. Na ce in ka bar mini gona da shuka bisa kai, ka tafi noman gonar kawunka Mahamman a Adar, to kada ka sake taka Turba. Malam ya ce in fara da janye wannan magana. Na ce mishi shi rubuta abin da anka ce shi rubuta, in mun kai wurin mun kai. Har yanzu ina ganin ba a kyauta mini ba. Mutum shekara talatin bai aiko ko da gaisuwa ba, har uwarka, ƙanwarshi ciki ɗaya, tar rasu bai aiko ba. Sai da ƙarfinshi yaƙ ƙare, yad duba yag ga ba shi da ɗa namiji, sannan yat tuna akwai ɗan ƙanwa a Gobir. Ya aiko a ɗauke mini kai kamar ana aron galma. Kai kuma kat tattara iyalinka kab bi. To, wannan mu ajiye shi gefe tukuna.

Abin da yas sa nas sa Malam zama shi ne, Sanda mai jakkai ya zo jiya daga Sabon Birni, ya ce madugunku ya tsaida tashi bayan kasuwa, za ku bi ta Madawa ku hau dutse ta Buza. Jiyan kuma da la'asar na ga hadari ya taru arewa, baƙi ƙirin. Tuwon da anka kawo mini haka anka ɗauke shi.

Kai ɗan fadama ne. Bakin gulbi kat tashi, ruwan da kas sani shi ne mai zuwa a hankali, shi ba mutum kwana biyu shi kwashe kayanshi shi hau tudu. Ruwan dutse ba ka san shi ba, hanyar dutse ma ba ka san ta ba. Ni na san su, kuma ba da daɗi nas san su ba. Ka yi allo, za ka iya karanta wannan da kanka. Ka koma gefe ka karanta, ban da gaban fatake, bakinsu ya fi kayansu yawa.

Za ni fara da ƙafa, don ita taf fara kunyata ni.

Zuwana Adar na fari ina saurayi, na kai taba da sawayen farar saƙa. Lokacin ko turakan iyakar nan Nasara ba su gama dasawa ba, waɗanda sunka zo sunka kafa cikin gonakin mutane sunka ce wai daga nan zuwa can wata ƙasa ce. A kasuwar Buza nah haɗu da Illo, ƙanen uwarka, shi yak kai ni garinsu. Ni ban taɓa sa takalmi ba, kuma ina alfahari da haka. Yad dubi ƙafata yac ce, "Bagobiri, wagga ƙafa ta tattaka laka ce. Sayi takalmi, in ba haka ba gobe war haka ɗaukar ka za a yi." Nac ce mishi ƙafar da tat taka ƙayar Gobir ba ta tsoron tsakuwarsu. Kafin azahar tafin ƙafata ya tsage wuri uku, dutse ya yi zafi kamar tanda. Bisa jaki nas shiga garinsu, na haɗe ƙafafu gefe ɗaya, Illo shina gaba shina rangaɗa guɗa, shina cewa a fito ga amarya daga Gobir. Mata sunka fito suna dariya. Wadda taf fi kowa dariya ita tak kawo ruwan zafi da man shanu daga baya, ta ajiye ba ta dube ni ba. Uwarka ke nan.

Saboda haka ka sayi takalmin fatar sa mai ƙasa biyu, naka da na matarka. Ka saye shi yau, ku yi ta yawo da shi cikin Sabon Birni shi saba da ƙafa, don sabon takalmi bisa dutse ya fi rashin takalmi cuta. Ka riƙe basilla da guntun fata cikin aljihu. Jakkanka ma 'yan fadama ne kamarka, kofatonsu taushi gare shi. Kowane zango ka ɗaga ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya ka ƙwaƙule tsakuwa. In za ku hau, ka rage wa jaki kaya ko da kai za ka ɗauki sauran a ka. In za ku gangara, ka duba igiyar da ke bi ƙarƙashin wutsiya, in ba haka ba akumari da mangala duk bisa wuyanshi za su dawo. Matarka ta sauka ta taka da ƙafarta a gangara, kada kunya ta hana ka faɗa mata.

Zuwana na biyu da rani ne, ni kaɗai, na je kai kayan aure. Na sayi sabuwar salkar ruwa a Madawa ban jiƙa ta ba, ban gwada ta ba, don mai sayarwa ya rantse mini. Nan ma na yi wauta, amma ba ita ce babba ba. Na kai wata mararraba bisa fako, hanya ta rabu biyu, ga wata tsohuwar Buzuwa tana kiwon awaki. Ta ɗaga hannu tana nuna mini hagu tun ban tambaye ta ba. Nac ce a raina ni da gemuna ba mace za ta nuna mini gidan surukaina ba. Nab bi dama. Yini guda ina zagaye tsauni ɗaya, salka tana ɗiga bisa cikin jaki, har ta koma kamar tsumma. Harshena ya kumbura. Da naz zagayo, wurin tsohuwar nan nad dawo. Ta tatsa mini nonon akuya cikin ƙoƙo, ta sake ɗaga hannu hagu.

Ka jiƙa salkarka kwana biyu, ka rataye ta cike ka ga ko tana zuba. Kuma ka yi tambaya. Ko mace, ko makiyayi, ko wanda Hausarshi ke ba ka dariya, in dai a dutsen anka haife shi ya fi madugunku sani. Za ka riƙa ganin duwatsu an aza su bisa juna gefen hanya, uku ko huɗu. Ba wasan yara ba ne, alamar hanya ce. In ka yi tafiya mai tsawo ba ka ga ko ɗaya ba, ka koma inda kab bar na ƙarshe, kada ka ce za ka yanke. In kuma ka ji ana fasa dutse don hanyar motar Faransa, ka kauce tun daga nesa. Gardinsu, wato dogaran Nasara, in sun ga mutum mai ƙarfi ba su tambayar ina za shi, sai su miƙa mishi diga. Ni sun taɓa riƙe ni kwana tara, jakina ɗaya bai dawo hannuna ba har yau, kuma ban yafe ba.

Kowane lokaci da abin da dutsen nan ke kama mutum da shi. Da rani ƙishirwa ce. Da ɗari sanyin bisa tudu ne, wanda ke shiga ƙirjin yaro shi ƙi fita, don haka ko yanzu ka sa bargo kusa saboda amaryata. Da kaka ciyawa tana rufe ramu, kububuwa tana kwance ƙarƙashin dutsen da kake so ka zauna, sai ka buga shi da sanda kafin ka aza jiki. Amma duk waɗannan suna ba mutum lokaci shi yi dabara. Farkon damina, wanda kai da kawunka kunka zaɓa, shi ba shi ba da lokaci.

Malam ya gyara zama shina jira na. Rubuta, Malam.

An ce maka kawunka Illo zazzaɓi yak kashe shi. Ni nac ce a faɗa maka haka, uwarka kuma ta bi ni, don ba ta taɓa ƙaryata ni gaban kowa ba. Ba zazzaɓi ba ne.

Da cikinka yat tsufa anka kai uwarka gida haihuwa, yadda ake yi da na fari. Can anka haife ka, cikin ɗakin kakarka, gindin dutse. Da tag gama wanka naj je ɗauko ku, na iske an yi ruwa ɗaya. Hankalina duk shina ga gonata ta Turba, ina ganin kowa ya yi shuka ya bar ni. Mahamman yac ce in bari sai kaka. Kakarka tac ce ko wata guda in ƙara. Nac ce ni ba ɗan riƙo ba ne da za ni zauna gidan surukai ana ba ni tuwo, matata ce, ɗana ne, gobe za mu tashi. Sai Mahamman yac ce Illo shi raka mu har mu fita dutse.

Jakkai biyu gare ni. Uwarka bisa na gaba da kai a goye, na baya ɗauke da kayan jego da gishiri da hatsin da anka ba mu. Da safe ina ɗaure na baya ga na gaba, yadda muke yi a nan don kada jaki shi ratse gonar mutane, Illo yat tsaya shina kallo.

Yac ce, "Mijin yaya, nan ba a jera jakkai. In kuma dole sai ka jera, yi zarge."

Nac ce, "Zarge na mata ne masu ɗaure akuya."

"Wanga da kake yi ko aljani sai ya nemi wuƙa."

"Shi nike so. Ba ni son tsayawa gyaran igiya kowane taki."

Yay yi dariya yaj juya ga uwarka. "Yaya, ke ma haka yaɗ ɗaure ki?"

Ita ma tay yi dariya, tana gyara maka hula. Ni kuma naƙ ƙara ƙulli ɗaya bisa biyun da nay yi, don shi gani. Wuƙata kuwa na cusa ta cikin mangalar jakin baya, don tana gugar mini ƙugu wajen hawa. Illo bai ɗauko tashi ba, rakiyar yini guda ce.

Tsakanin garinsu da Buza akwai wurin da hanya ke faɗawa cikin kwazazzabo, dutse dama dutse hagu, kowane ya fi kuka biyu tsayi, ƙasa kuma yashi ne fari mai laushi. Ƙorama ce busassa, su can kori suke ce mata. Da rani ita ce hanyar kowa, akwai inuwa, ƙafa tana hutawa. Akwai wata hanyar ta bisa tudu, amma tsakuwa ce zalla kuma tana cin rabin yini. Mun iso bakin korin da hantsi. Sama bisa kanmu tas, rana tana dukanmu. Illo yat tsaya shina kallon baya, can nesa bisa tsaunukan arewa, inda wani hadari yad durƙusa.

Yac ce, "Mu bi ta sama."

Nac ce, "Ruwan da ke can me ya haɗa shi da mu?"

"Duk abin da yaz zuba can, nan shike biyowa."

Ranar ce kaɗai nag ga Illo shina magana babu dariya a bakinshi. Da ina da hankali wannan ya ishe ni. Sai nac ce in tsoro shike ji shi koma gida wajen innarshi, nak kora jakkai cikin yashi. Yab biyo mu, don yayarshi tana bisa.

Mun yi kamar rabi sai wata iska mai sanyi tab bugo mu daga baya, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali ko ɗigo bai faɗo muna ba. Jakkai sunka miƙe kunnuwa. Sannan naj ji kamar mata da yawa suna daka a wani gari mai nisa. Wani ɗan ruwa ja yaz zo ta tsakanin ƙafafunmu shina turo kumfa da karare da kashin awaki, bai kai idon sawu ba. Har na buɗe baki in yi wa Illo ba'a, in ce wannan ne ruwan naku. Kafin in faɗa ya kai gwiwa.

Illo yaj ja jakin gaba zuwa wani dutse mai ɗan mataki. Ni nah haye bisa, nam miƙo hannu in karɓi uwarka. Sai ruwa yak kwashe ƙafafun jakin baya, yaf faɗi da kayanshi, igiya tam miƙe tana jan na gaba da ku bisa. Illo yak kama ƙullin. Har yau ina ganin yatsunshi. Igiyar rama in ta sha ruwa kumbura take, ƙullina uku sun zama kamar tsakuwa. Yas sa haƙori. Yaɗ ɗago kai yac ce, "Wuƙa, Nomau." Bai ce mijin yaya ba. Wuƙa tana cikin ruwa tare da jakin.

Da yag ga ba ta kwantuwa, sai yan naɗe igiyar ga hannunshi, yat tokare ƙafa ga dutse, yar riƙe nauyin jakin baya shi kaɗai, har ta saki ta wajenku, naf fizgo uwarka da kai bisa. Da naj juyo babu jakkai, babu Illo.

Ruwan bai kai la'asar ba yaj janye. Rana ba ta ɓuya ba ko sau ɗaya. Kai kuwa barcinka kake a bayan uwarka, ko motsi ba ka yi ba. Ka ga ashe ka taɓa bin korin nan sau ɗaya, kuma ba da ƙafarka kaf fita ba.

Washegari anka same shi can ƙasa, inda kwazazzabon ke buɗewa. Nan anka rufe shi, anka tara duwatsu bisa. Guntun igiyar shina naɗe ga hannunshi, da ƙullina bai ko motsa ba. Mahamman yak kwance ta daga hannun, yaz zo gaban mutane yan nuna mini.

Yac ce, "Wa yay yi wanga ɗauri?"

Da na ce ni ne, na sunkuyar da kai, da kai ma ka tashi da dangin uwa kamar kowa. Amma idanu sun yi mini yawa, kuma ni Nomau ne. Sai nac ce, "Ajali ne. Wa yac ce shi riƙe?"

Mahamman yad dube ni. Sannan yac ce, "Ɗauki matarka, Bagobiri."

Ko kwana ukun makoki ban cika ba. Da ƙafa munka iso Turba, uwarka tana goye da kai. Mun iske ko ruwan shuka ba a yi ba a nan. Sai bayan kwana goma sha biyu anka yi.

Har gobe ina cewa ruwan ba ni na aiko shi ba. Amma ɗaurin nawa ne, hanyar ni naz zaɓa, wuƙar ni naɓ ɓoye ta. Ɗazu na ce Mahamman shekara talatin bai aiko ba. Ni ma ban aika ba. Malam ya ce in ƙara da cewa Mahamman ke da gaskiya. Ban ce ba. Na dai ce ni ma ban aika ba.

To ka saurara, wannan shi ne abin da nas sa a rubuta takardar dominshi.

Kada ka shiga kori in akwai hadari ko'ina bisa dutse, ko da saman kanka fari ne fat. Ba saman kanka za ka duba ba, inda ƙoramar taf fito za ka duba. In madugu ya ce a bi ta yashi don a rage hanya, ka bar shi shi bi, kai ka hau tudu da iyalinka, ku tarar da su gaba. Za su yi maka dariya, su ce Bagobiri ya ji tsoron yashi. Ka bar su su yi. Kada ka yi zango cikin kori, kada ka yi sallah ciki, kada ka tsaya shan fura ciki don inuwa. In dole sai an ƙetare, to a ƙetare ta inda taf fi ƙunci, da sauri, matarka da ɗiyarka su fara wucewa da ƙafa, ku kuma ku biyo da jakkai ɗaya ɗaya, kowa da kanshi. In ka ji iska mai sanyi da ƙamshin ruwa, ko ka ji dakan nan, ko ka ga jaki ya miƙe kunne ya ƙi gaba, kada ka gudu gaba, kada ka gudu baya, ruwan ya fi doki. Ka hau gefe, duk inda hannu zai kama. Kaya ka bar su. Jaki ka bar shi. Wuƙarka ga ƙugunka ko da za ta goge maka fata.

Kuma ka koyi zarge. Ka ninka bakin igiya, ka cusa ninkin cikin madauki, ka bar jela waje kamar taƙi guda. Jaki in ya ja, ƙara kamawa take. Kai in ka fizgi jelar, sai ta zube gaba ɗaya. Ka ma san shi, ba ka dai lura ba. Ka tuna yadda uwarka ke ɗaure akuya, da igiyar guga, da bakin buhu? Tun ranar da munka dawo ba ta sake yin wani ɗauri cikin gidan nan ba sai shi. Ba ta taɓa ce mini komai a kai ba. Ni kuma in na iske ta ɗaure abu sai in kau da kai.

Kowace kaka takan ce, "Maigida, bana za mu gida?" Ni kuma ba na rasa abin faɗi. Bana gardi sun tsananta a iyaka. Bana jaki ya gurgunce. Bana hakimi ya sa aikin hanya. Gaskiyar ita ce ba ni iya wuce duwatsun nan da anka tara, kuma ba ni iya haɗa ido da Mahamman. Da shekaru sunka yi yawa tad daina tambaya. Sai dai in hadari ya taso arewa, tana cikin daka sai ka ji taɓarya ta tsaya. In leƙo in gan ta tsaye tana kallon can, hannu ga ƙugu, har kaji su hau turmin. Uwarta ta rasu ba ta je ba. Ciwonta na ƙarshe, ranar da anka aike ka kiran mai magani a garin Isa, tac ce mini, "Maigida, ko akwai mai aza wa Illo dutse?" Don al'adarsu ce, duk wanda yaw wuce kabarin wanda hanya tac ci, shi ƙara dutse ɗaya shi yi addu'a. Nac ce ban sani ba. Tac ce, "To." Ba ta sake tada maganar ba.

Yanzu gidan ya yi mini faɗi. Ɗakinta a rufe, naku a rufe. Amaryata ta bar ɗan ƙoƙonta gindin randa, wanda take kawo mini ruwa rabi a ciki rabi a ƙasa. Ban bari an ɗauke shi ba. Da hantsi nikan ji kamar za ta fito ta ja mini gemu ta ce tsoho tashi. Jiya na ji taɓarya ta tsaya a gidan maƙwabta, sai da na leƙa waje.

Abu uku nike roƙo, kuma ka san roƙo ba halina ba ne.

In kun wuce Buza kun iso inda kwazazzabon ke buɗewa, kafin ku hau ta tudu, ka tambayi makiyaya kabarin Illo. Ka aza dutse biyu, ɗaya na uwarka, ɗaya nawa. Naka kai ka san abin da ke kanka.

In ka isa, bayan an gama gaisuwa, ka ce wa kawunka Mahamman, Nomau ya ce ɗaurin nashi ne. Iyakar saƙon ke nan. Kada ka ƙara, kada ka yi mini ado. In ya amsa, to. In bai amsa ba, ka ci tuwonka ka yi mishi noma da gaskiya, ba ruwanka da abin da ke tsakaninmu.

Na uku, ga igiya nan na ba Sanda tare da takardar. Ta kaba ce, ba ta rama ba, kwana huɗun nan ita nike tufka. Zargen da ke bakinta ni nay yi shi, kuma kafin kwanakin ga hannuna bai taɓa yin irinshi ba. Sai da nar rufe ido nat tuno yatsun uwarka. Na gwada ga akuyar Malam sau bakwai, ta tsere sau biyu, shina nan shina ƙorafi har yanzu. Ka duba shi da kyau kafin ka fizge, ka yi ta maimaitawa har hannunka shi iya ba da ido ba, ka koya wa matarka. In kun fita dutse lafiya, ka sake yin zargen da hannunka, ka ba masu gishiri da ke zuwa kasuwar Isa su kawo mini. Kada ka rubuto takarda. Takarda sai na nemi Malam, shi kuma ba ya rasa ƙara nashi. Igiya ni da kaina za ni karanta ta.

Malam, mun kai wurin. Rubuta.

Abin da nac ce bakin zaure na janye shi. Ƙofar Turba taka ce. Gonar za ni shuka abin da ƙarfina ya iya, sauran ta huta. In kaka ta yi, ruwa ya ɗauke sarai, kori ta bushe har ƙasa, ka kawo mini amaryata in gan ta, ko kwana bakwai ne. Amma ban da damina. Ko an ce maka ina kwance, ko an ce maka na cika, kada ka shigo dutse da hadari a sama don ka zo gare ni. Akwai masu rufe ni a Turba.

Allah shi kiyaye ku hawa da gangara. Allah shi tsare ku daga ruwan da ba ku gani ba, da abin da ke ƙarƙashin dutse, da hannun azzalumi. Allah shi sanyaya ƙafafunku da na dabbobinku, shi sauke ku cikin mutanen da za su karɓe ku hannu biyu. Allah shi jiƙan uwarka, shi jiƙan Illo, shi yafe mini. Na sa maka albarka, wadda nah hana ka ranar da kaf fita.

Daga kasuwa mai zuwa za ni riƙa zama rumfar masu gishiri a Isa. Ka ɗaure ta da kyau, ka bar jela waje.

Ni ne ubanka, Nomau na Turba.